Gwangwanin Ƙuri'a

Baba Gwangwani yana durƙushe yana gyara wa bokiti zama a ƙarƙashin inda kwanon rufi yake yoyo, sai wayarsa ta ɗauki ƙara a aljihu. Ya bar ta ta yi ta yi, don ya san mai kiran, ya kuma san abin da za ta ce. Sai da ya ga ɗigon ruwan yana faɗawa tsakiyar bokitin sannan ya dafa benci ya miƙe, ya kara wayar a kunnen dama. Na hagun ya daɗe da ajiye aiki.

"Baba, kana zauren nan ko?" in ji 'yarsa. "Ina jin ƙarar bokiti."

"A gaisa dai tukuna."

"Ina kwana, Baba. Yau ne taron naku?"

"Yau ne, da la'asar."

"To in an sayar, don Allah ka haɗa kayanka ka taho wurinmu. Ɗaki yana nan mun share maka. Mutum ya zauna shi kaɗai daga safe har yamma, ba mai ce masa ci kanka?"

"Wa ya ce miki za a sayar? Ai ba a jefa ƙuri'a ba."

Ta ga tsoho ya kafe. Sannan ta ce ya sha maganinsa, ta kashe.

Zauren na ƙungiyar ma'aikatan kamfanin ɗinki ne. Kamfanin ya daɗe da rufewa, an kwashe kekunan an sayar wa masu tsohon ƙarfe, amma ƙungiyar ta ƙi mutuwa gaba ɗaya, sai dai raguwa take yi duk shekara. Yanzu wani attajiri ya zo yana son filin, zai rushe zauren ya jera shaguna, a raba kuɗin ga 'yan ƙungiyar da suka rage. Yau za a yanke: a sayar ko kada a sayar. Baba Gwangwani yana da ɗakin haya a bayan layi, amma can kwana kawai yake yi. Tun da matarsa ta rasu, nan yake wuni. Shi ke buɗewa, shi ke shara, shi ke goge hotunan da suke bango, ya dafa shayinsa a kan ƙaramin risho ya sha yana kallon bencina. Idan aka rushe zauren nan, wallahi bai san inda zai nufa ba idan ya sa takalmi da safe.

Ya buɗe kabad ya ɗauko abin da ya ba shi sunansa: tsohon gwangwanin madara, fentinsa duk ya koɗe, an tsaga murfinsa daidai shigar maɓalli. Ya zazzage jakar maɓallai a kan tebur, ya fara ware farare da baƙaƙe.

Labarin gwangwanin nan ya girmi 'yarsa. A zamanin da sojoji suke riƙe da ƙasar, taro laifi ne, ƙungiya laifi ce, ko tambayar yaushe za a yi zaɓe ma laifi ce. A lokacin ne ma'aikatan ɗinki suka taru a ɓoye don su yanke ko za su shiga yajin aiki, saboda allura ta huda yatsan wata mata kuma aka kore ta wai ta ɓata yadi da jini. Aka ce mai goyon baya ya ɗaga hannu. Kashegari mota ta tsaya a ƙofar kamfani, aka riƙa kiran waɗanda suka ɗaga hannu da sunayensu ɗaya bayan ɗaya. Ashe akwai mai kai rahoto a cikinsu.

A taro na gaba sai ga Inna Almakashi, wata gajeriyar mata mai yankan yadi, mai muryar da take tsayar da keke. Ta dire gwangwani a kan tebur ta ce, "Hannu ana ganin mai shi. Maɓalli kuwa wa ya san na wane ne?" Ta tsara yadda za a yi. Za a ba kowa maɓalli biyu, fari na "na yarda", baƙi na "ban yarda ba". Mutum ya shiga bayan labule shi kaɗai, ya jefa ɗaya a gwangwani, ɗayan ya cusa a buhun ƙyallaye. Mai ƙirga zai shiga daga ƙarshe, ya ƙirga shi kaɗai, ya fito ya faɗi kalma ɗaya tak: fari ko baƙi. Ba zai faɗi adadi ba, don kada mai kai rahoto ya zauna ya yi lissafin mutane. Kuma shi mai ƙirga ba ya jefawa, ba ya magana a muhawara, don kada a ce ya karkata.

"Wa zai riƙe?" aka tambaya.

Inna ta waiga, ta nuna wani siririn saurayi mai ɗinka maɓalli da yake rakuɓe a lungu. "Wancan. Tun da ya zo kamfanin nan ban taɓa jin muryarsa ba."

Aka yi dariya, aka miƙa masa. Tun daga ranar bai sake jin sunansa na gaskiya a bakin abokan aiki ba. Da aka kama shi daga baya, aka yi ta tambayarsa su wa suka zaɓi yaji, ya ce bai sani ba. Gaskiya ya faɗa, amma ba su yarda ba. A can ya baro kunnensa na hagu.

Ya gama ware maɓallan, ya mayar da su jaka biyu, ya kulle zauren ya fita. Yau zai yi abin da bai taɓa yi ba a rayuwarsa: zai bi mutane yana roƙon ƙuri'a. Ƙa'ida ba ta hana ba, don a cikin taro ne kawai aka ce kada ya yi magana. Duk da haka kunya yake ji, kamar wanda zai je aro.

Bas ɗin ya cika maƙil. Wata mata ta matsa masa gefen kujera, ya ɗosana. Suka bi ta babban dandali, inda yanzu allunan 'yan takara suka rufe sama, kowa yana murmushi da haƙora farare tas. Ta nan suka bi a ranar babbar zanga-zanga. Yajin da ya fara kan yatsan mace ɗaya ya yi ta faɗi, direbobin bas suka shigo, matan kasuwa suka rufe rumfuna, ɗalibai da ma'aikatan jinya suka biyo baya, har magana ta tashi daga "a mayar da ita aiki" ta koma "a ba mu zaɓe". Teloli suka fito kowa da tef ɗin awo a wuya. Matarsa tana sahun gaba, da jiƙaƙƙen ƙyalle a hannu saboda barkonon tsohuwa, tana waigowa tana yi masa tsiya wai tafiyarsa ta yi sanyi.

"Ni na daina wahalar da kaina," in ji wani mutum a bayansa, yana gaya wa abokinsa. "Ka tsaya a rana ka dangwala, su su shiga mota mai sanyi. Ranar zaɓe barci nake yi."

"Ka more," in ji abokin.

Baba Gwangwani ya juya zai yi magana. Ya buɗe baki, sai ya rasa ta inda zai fara. Ya ce musu me? Mutumin ya dube shi cikin ladabi ya ce, "Baba, sauka za ka yi?" Ya ce a'a, ya mayar da fuskarsa taga.

A kasuwa ya sami Gwaggo Zare a rumfarta. Da can ita ce mai raba zare a kamfani, yanzu zare da allura da zik take sayarwa a ƙarƙashin wani tamfol da ya yage gefe guda. Tana hango shi ta tafa hannu.

"La! Yau gwangwani ya fito yawo da ƙafarsa? Wa ka bar wa bokitanka?"

"Suna gaishe ki."

"Zauna, zauna. Ka rame, tsohon nan. Ba ka cin abinci sai shayi, na sani."

Ya zauna a kan wani akwati. Ya yi ta kewaye-kewaye, ya tambayi jikoki, ya tambayi ciniki, sannan ya ce, yana kallon ƙasa, "Maganar zauren nan ce."

"Haba! Sai ka faɗa? Dubi nan." Ta ɗage ɗankwali ta nuna masa tabo a goshi. "A ƙofar zauren nan aka yi min wannan da kulki. Ni zan sayar? Allah ya kiyaye. Baƙi zan jefa, ko da ni kaɗai ce."

Ya ji sanyi a ransa, ya yi godiya, ya miƙe. Har ya yi taku kaɗan sai ta kira shi.

"Gwangwani, na ce ba... an ce rabon ya kai nawa ne wai? Tambaya kawai na yi."

"Ban sani ba."

"To ai shi ke nan. Tambaya kawai na yi," ta sake faɗa, ta shiga jera zaren da yake a jere.

Daga nan ya wuce asibitin ido, don an gaya masa yau Mai Guga yake ganin likita. Shi ne babban amininsa. Tare suka shiga kamfani, tare aka kulle su, shi ya riƙe masa kai a cinya ranar da kunnensa yake zubar da jini. Ya same shi a kan dogon benci cikin masu jira, da kati a hannu, idanunsa biyu sun yi fari da yana.

"Wa nake ji kamar mai jan ƙafar hagu?" in ji Mai Guga. "Kai ne, kurma?"

"Ni ne, makaho."

Suka yi dariya, suka riƙe hannun juna ba su saki ba. Mai Guga ya ce an sake ɗaga aikin idon. Likita ya ce abu ne mai sauƙi, a kankare yanar ya koma gani garau, amma sai an kawo abin da za a kawo. Ya faɗi haka yana murmushi, kamar labarin wani yake bayarwa.

Baba Gwangwani ya kasa kawo maganar da ya zo da ita. Ta yaya za ka ce wa mutumin da yake jiran kuɗin ido ya ƙi kuɗi? Amma Mai Guga ya riga shi.

"Na san abin da ya kawo ka. Kada ka damu, ina tare da kai. Idon nan me ya rage masa ya gani? Fuskarka?"

"Za ka iya bambance su kuwa?"

"Kai, raina ni za ka yi? Fari huda huɗu, baƙi huda biyu. Inna ta zaɓe su haka saboda ranar da za a ɗauke wuta. Yatsan tela ba ya ɓata." Ya matso, ya laluba har ya gano kunnen dama, ya rage murya. "Amma ni fa ina mamakinka. Kai kaɗai kake shiga bayan labule. Ba mai leƙa ka, ba mai tambayar adadi. Ka fito ka ce baƙi mana. Wa zai musa maka?"

"Wasa kake yi."

"Wasa nake yi," in ji Mai Guga. Bai yi dariya ba.

Maganar nan ta bi Baba Gwangwani har cikin bas, ta sauka tare da shi. Ya buɗe zauren, ya zubar da ruwan bokitai, ya ɗaura labule a kan igiyarsa a kusurwa, ya ajiye gwangwani a kan ɗan tebur da buhun ƙyallaye a ƙasa. Ya jera bencina duka, har na baya waɗanda ya san ba wanda zai zauna a kansu. Da can idan ana taro, har a kan taga mutane suke zama. A nan aka buɗe makarantar yamma, inda wani malami yake ba su labarin ma'aikatan wasu ƙasashe, da matan da suka sha ɗauri kafin a ba su ƙuri'a, da mutanen da aka hana zaɓe saboda launin fatarsu. A nan kuma aka kawo akwati ranar zaɓen farko bayan sojoji sun koma bariki. Inna Almakashi ta zagaya akwatin gwamnati tana dubawa, ta kwashe da dariya ta ce, "Gwangwaninmu ne suka kwaikwaya, suka sa masa kwaɗo!"

Hotonta yana nan a bango, baki buɗe, tana tsakiyar yi wa wani faɗa. Kusa da shi akwai na ranar zanga-zanga. Matarsa ta fito a gefe, rabin fuskarta kawai, don ta waigo lokacin da aka ɗauka. Shi kaɗai ya san wa take waigowa.

Da la'asar suka fara shigowa, wasu da sanda, wasu a bayan babur ɗin jikoki. Ba su cika ko bencinan gaba ba. Aka gaggaisa, aka tambayi waɗanda ba su zo ba, aka ji wane yana kwance, wane kuma sai addu'a. Kowa ya shigo sai ya ɗaga kai ya dubi kwano, sannan ya dubi Baba Gwangwani, sannan ya kau da kai.

Shugabar ƙungiya ta miƙe. 'Yar Inna Almakashi ce, ita ma ta yi ɗinki a kamfanin kafin a rufe, yanzu kanta ya yi furfura. Ta gaji gajartar uwarta amma ba ta gaji muryar ba. A hankali take magana.

"Iyayena da yayyena, ba zan ja ku da nisa ba. Kun ga rufin nan. Injiniya ya ce katakon ya ruɓe, wata rana a kan wani zai faɗo. Ba mu da abin gyara. A cikinmu akwai mai jiran aikin ido, akwai wadda aka ba ta wa'adin tashi daga gida, akwai masu raba ƙwayar magani biyu don ta kai wata. Zauren nan don mutane aka gina shi. Ni a kan bencin can na koyi tafiya, ba sai an gaya min darajarsa ba. Amma shawarar kwamiti ita ce a sayar. Akwai mai magana?"

Shiru. Wani ya yi tari. Baba Gwangwani yana tsaye kusa da labule da jakunkuna biyu a hannu, cikinsa cike da magana fal. Ya dubi Gwaggo Zare, ya ga tana gyara bakin zaninta. Ya dubi Mai Guga, wanda ya ɗaga fuska sama kamar mai sauraren ruwa. Ba wanda ya motsa. Shi kuwa mai ƙirga ne, ba ya magana.

"To," in ji Shugaba. "Fari a sayar, baƙi kada a sayar. Baba, bisimilla."

Ya bi su ɗaya bayan ɗaya yana zuba wa kowa maɓalli biyu a tafin hannu. Suka riƙa shiga. Daga waje ana jin ƙarar: ƙwas, shiru, sai ƙafafu, sai wani ƙwas. Ƙarar fari da ta baƙi duk ɗaya ce, ya daɗe da sanin haka, amma yau sai da ya kasa kunne kamar sabon shiga. Shi ya riƙe hannun Mai Guga ya kai shi bakin labule, ya sake shi, ya juya baya. Shugaba ce ta ƙarshe. Ta ɗan daɗe a ciki.

Sannan ya shiga, ya ja labule.

Ya buɗe murfin, ya shimfiɗa ƙyalle don kada a ji zubarsu, ya juye gwangwanin a hankali. Ya tsaya yana kallo. Ba ya ma bukatar ƙirga. Tebur ya yi fari fat. Ya sa yatsa ya baza su, ya sake bazawa, sai ga shi can a ƙasa: baƙi guda ɗaya.

Ya dafa tebur. Ba faɗuwar ce ta fi yi masa ciwo ba, don tun a kasuwa jikinsa ya ba shi. Amma ɗaya? A cikin duk mutanen nan da aka sha hayaƙi tare, aka kwana a siminti tare? Ya ji wani irin kaɗaici ya rufe shi, wanda ko ranar da ya dawo daga binne matarsa bai ji irinsa ba, don ranar akwai zaure.

Muryar Mai Guga ta dawo masa a kunne. Kalma ɗaya ce. Ya ɗaga labule ya ce baƙi, shi ke nan. Kowa zai zaci sauran ne suka ƙi, kowa zai ji kunyar tambaya. Gobe ya zo ya buɗe ƙofa, ya share, ya ɗora shayi. Ba wanda zai taɓa sani, har ya mutu. Wallahi ya so. Har ya gwada kalmar a bakinsa ba sauti, ya ji yadda take zama a kan harshe.

Sai idonsa ya sauka a kan fararen. Wannan na mai jiran aikin ido ne, ko wancan. Ɗaya na wadda za a fitar da kayanta waje ne. Kowannensu ya shigo nan shi kaɗai, ya juya wa duniya baya, ya jefa abin da ba zai iya faɗa a gabansa ba. Don haka aka ɗaura labulen. Ba don sojoji kaɗai ba, ashe har don irinsa.

Ya ɗauki baƙin ya juya shi a tafin hannu. Ko kuskure ne? Ya shafa: huda biyu. A'a. Duk wanda yake zauren nan ya shekara da shekaru yana taɓa maɓalli, ko a mafarki ba zai ɗauki wannan a zaton wancan ba. Wani ya shigo nan da bukatarsa a wuya kamar ta kowa, ya tsaya, ya zaɓi wannan da gangan.

Ya sa shi a aljihun gaba, ya ɗaga labule ya fito. Duk suka zuba masa ido.

"Fari," ya ce.

Ba wanda ya yi tafi. Wata tsohuwa ta ce "Alhamdu lillahi" a hankali, sannan ta rufe baki da mayafi kamar ta yi saɓo. Shugaba ta yi godiya, ta ce za a kira kowa idan an gama takardu, ta rufe taro.

Baba Gwangwani ya tsaya a bakin ƙofa kamar yadda ya saba. Gwaggo Zare ce ta fara zuwa. Ta zagayo ta damansa, ta kai baki kusa da kunnensa.

"Ni dai ka san abin da na jefa. An fi mu yawa ne kawai."

"Na gode, Gwaggo."

Sai makaniken kekuna, wanda ko gidansa bai je ba. Ya matse masa hannu ya raɗa, "Baƙi na sa, Baba. Allah ya gani."

"Na gode."

Sai wata mai kalmasa, sai tsohon mai gadin kamfani, sai wasu biyu da suka zo tare suka faɗa tare. Kowa ya san kunnen da zai nufa. Kowa da fuskar ta'aziyya. Sun san ba ya faɗin adadi, sun ɗauka baƙaƙen suna da ɗan yawa, mutum zai iya ɓuya a cikinsu. Ya yi ta cewa na gode, na gode, yana duban idon kowa, yana neman wata alama. Bai ga komai ba sai tsufa da kunya, kuma mai gaskiya ma zai iya jin kunya a rana irin ta yau.

Mai Guga ya zo daga baya, jikarsa tana jiransa a waje. Ya lalubo kafaɗarsa.

"Ba ka ɗauki shawarata ba, kurma."

"Ka ce wasa kake yi."

"Haka na ce. Ni dai na cika alkawari."

"Na gode," in ji Baba Gwangwani. Ya so ya yarda, ya kuma so kada ya zama gaskiya, don yana son mutumin nan ya sake ganin hanya.

Shugaba kaɗai ta rage. Tana tsaye gaban hoton uwarta, hannu a baya. Ba ta zo kunnensa ba. Daga inda take ta ce, "Baba, makullin ya zauna a wurinka har ranar da za su zo. Hotunan kuma ka zaɓi wanda kake so."

"To."

Ta ɗauki jakarta, ta tsaya a bakin ƙofa kamar za ta ƙara wani abu, sai ta ce, "Sai da safe," ta fita.

Ya kwance labule ya ninke. Ya mayar da bencina jikin bango. Ya juye buhun ƙyallaye ya tsince ragowar maɓallan, baƙaƙe birjik da fari ɗaya a cikinsu, ya zuba kowanne a jakarsa. Rana ta yi ƙasa, haskenta ya shigo ta taga ya kwanta a kan siminti. Ya zauna a bencin gaba ya fito da baƙin daga aljihu. Rigarsa ta daɗe ba maɓallin wuya, kullum yana cewa zai sa. Ya zaro allurar da take soke a cikin hularsa, ya yi ta fama da zare har ya shiga, ya ɗinka shi a wurin ba tare da ya tuɓe rigar ba. Sauran maɓallan rigar farare ne. Ya ciji zaren ya tsinke.

Waya ta yi ƙara. Wannan karon bai bar ta ta jira ba.

"Baba, yaya aka yi?"

"An sayar."

"Ayya, Baba. Sannu. Kowa ya yarda ke nan? Kai kaɗai ne ba ka so?"

"A'a. Mu biyu ne."

"Kai da wa?"

Ya kai hannu wuyansa ya taɓa maɓallin, ya dubi bencinan da ya jingine.

"Ban sani ba," ya ce.